Matakala Arba'in da Takwas

2 ga Janairu

Zuwa ga ƙanena Mai Kwalta,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka na hanya, kuma tarin nan da ka yi ta fama da shi ya sake ka. Kana samun leƙa iyali kuwa? Ni dai alhamdu lillahi. Ƙugun da ya karye ya haɗe, mai gashin ƙashi ta ce ƙarfen da aka sa mini ya zauna daram. A cikin ɗaki da sanda ɗaya nake yawo, har wanke-wanke ina yi a tsaye. Takarda na rubuto maka don na san dajin da kuke ba a samun waya sai an hau tudu, ni kuma kunnen nan ya fara yi mini rowa.

Ga abin da ke tafe da ni. Wata bakwai ke nan rabona da ƙasa. Tun ranar da aka hauro da ni a kan kujera daga asibiti ban sake taka matakalar ginin nan ba. Ka san inda nake, can ƙololuwa, matakala arba'in da takwas, duk goma sha biyu akwai ɗan fili na juyawa.

Jiya ɗana, wato ɗanka likitan haƙori, ya zo gaishe ni. Ya zauna a bakin gado yana ta juya makullin mota a hannu, na san da magana a bakinsa. Wai ya gyara mini ɗaki a gidansa, a ƙasa, ba hawa ba sauka. Wai in gobara ta tashi a ginin nan yaya zan yi? Ya ba ni zuwa ƙarshen Maris: in na sauka na hau da ƙafata, ya bar ni, in na kasa, zai zo da mota ya kwashe ni da kayana. Yaron nan ya ɗauka komai haƙori ne, da ya yi ciwo sai cirewa.

Shekarata talatin da ɗaya a ɗakin nan. A nan mahaifinsa ya rasu. Daga taga ina hango filin makarantar da na shugabanta shekara ashirin, har yau in an kaɗa ƙararrawa sai na duba agogo in ga ko sun makara. Ba na son tashi, Mai Kwalta. Matarsa mutuniyar kirki ce, ba ta taɓa ɓata mini ba, amma ba na so in zama tsohuwar da ake ce wa yara su rage murya saboda ita.

Don haka na ɗauko rula da jan biro, na zana jadawali irin wanda nake yi wa malamai, na manna a bayan ƙofa. Makon farko, sauka ƙasa gaba ɗaya. Mako na biyu, kantin kwanar titi. Ƙarshen wata, kasuwa. Tunda sabuwar shekara ce na ƙara da rage kilo goma, da barin sukari a shayi, da koyon wayar nan da ake shafawa, da jera hotunan da suka cika akwati. A Fabrairu zan je asibiti da ƙafa in ba mai gashin ƙashi mamaki.

Maƙwabciyata mai ɗinki, wadda ke ƙasa da ni, ita za ta jefa maka wannan a akwatin wasiƙu na bakin ƙofa. Ka taya ni da addu'a, ban da dariya.

Yayarka da ta goya ka.

13 ga Janairu

Zuwa ga Yaya,

Na amsa sallama, na kuma gode Allah da jin ƙugu ya haɗe. Tari ya yi sauƙi, iyali lafiya, na je na kwana biyu na dawo.

Yaya, kin ce ban da dariya, amma kin makara. A gindin motar daɓe na karanta takardarki lokacin hutun rana, na yi dariya har direban ya leƙo yana tambaya ko an yi mini haihuwa ne. Wannan jadawali ai na mutum huɗu ne, su ma sai 'yan ƙwallo. Ke da kika yi wata bakwai ba ki ga matakala ba, a mako ɗaya za ki gama da ita, har ki wuce kasuwa?

Bari in ba ki labarin abin kunyata. Shekarar da aka fara ɗora ni a kan ma'aikata, ina so in burge injiniya, na sa aka juye kwalta mota uku a jere tun da sassafe. Kafin motar daɓe ta gama da ta farko, ta ukun ta huce ta daskare. Kwana biyu muna fasa ta da diga, injiniyan kuwa ya burgu, don har yau in ya gan ni sai ya tuna mini. Tun daga ranar nake kafa turke kowace safiya. Ba inda raina yake so nake kafa shi ba, sai inda na san motar daɓe za ta kai kafin kwalta ta huce. Wata rana mita ɗari biyu, ranar sanyi tamanin. Da hakan muka shimfiɗa kilomita sittin bara.

Ki yage takardar nan. Ki bar wayar, ki bar hotunan, ba inda za su. Sukari kuwa, mace tana fama da matakala a hana ta sukari, wannan zalunci ne, ko ke kika yi wa kanki. Ki riƙe abu ɗaya tak, kowace safiya ki kafa masa turken ranar.

Ɗanki ba mugu ba ne, tsoro yake ji. Ni ma ina ji. Amma na san abin da ɗakin nan yake a wurinki, kuma ina bayanki.

Ƙaninki, Mai Kwalta.

24 ga Janairu

Mai Kwalta,

Ina gaishe ka. Lafiyar jiki da sauƙi, ta zuciya ce ta sha wuya.

Takardarka ta iso, amma aikin gama ya riga ya gama. Ranar shida ga wata na sa takalmi, na ɗauki sanda, na fita kamar yadda jadawali ya ce. Na sauka goma sha tara. A ta goma sha tara gwiwa ta ce ita fa nan ta tsaya. Na dubi ƙasa, ba hali. Na waiga sama, sai a lokacin na gane wautata: ni da na koyar da lissafi shekara da shekaru, sauka kaɗai na lissafa, ban lissafa hawa ba.

Awa ɗaya da rabi ina zaune a kan siminti mai sanyi, ginin shiru kowa ya tafi aiki. Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba. Mai ɗinki ce ta dawo daga shago ta same ni. Ta kira mai gyaran wuta na hawa na farko, suka tallabo ni kamar buhu suka maido ni ɗaki. Da suka tafi na ɗauki jan biro na ba kaina sifili a makon farko. Mako biyu ban ko buɗe ƙofa ba.

Sai ga takardarka. Yini guda na yi ina jin haushinka. Yaron da na share wa majina shi ne zai koya mini tsara aiki! Washegari na ɓalle jadawalin daga ƙofa, na sa sukari cokali biyu a shayi.

Ga abu ɗayan da na riƙe, ka ji shi da kyau. Takardata ta gaba ba mai ɗinki ce za ta kai ta ba. Ni zan jefa ta a akwatin bakin ƙofa da hannuna. In ka ji shiru, ba fushi ba ne, ban kai ƙasa ba ne tukuna. Kai ka ci gaba da rubutowa, za a hauro mini da su.

Maganar zamana a matakala kuwa, daga ni sai kai sai maƙwabta biyun nan. Kada ɗanka ya ji.

Yayarka.

15 ga Fabrairu

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, aiki ya kai mu wata gada, ruwa ya tsayar da mu kwana uku.

Zamanki a matakala ya tsaya mini a rai, na kasa cin abinci ranar da na karanta. Amma abin da kika zaɓa ya yi daidai. Duk Talata motar kayan abinci take kawo mana wasiƙu. Yanzu ni nake fara isa wurinta, har direban ya fara zargin ko wata nake nema a ɓoye. Talata biyu ke nan ba komai. Ba na gaggawa, ke ma kada ki yi.

Ƙaninki.

13 ga Maris

Yaya,

Ina gaishe ki, ina kuma neman gafara tun kafin ki karanta sauran.

Talata shida ba takardarki. Na san kin ce shiru ba fushi ba ne, na karanta layin nan ya fi sau ashirin. Amma mutum yana daji, zuciya ba abin da ba ta saƙa masa. Na ce ko kin sake faɗuwa, ko kina asibiti an ɓoye mini, ko kin haƙura kina jin kunyar faɗa.

Yau da rana na hau tudu na kira ɗanki. Niyyata in gaishe shi kawai in ji lafiyarki. Ya ce kina nan lafiya ƙalau. Maimakon in yi godiya in kashe waya, sai bakina ya ce, “To ba ta sake maƙalewa a matakalar ba dai ko?” Ya ce, “Kawu, wace matakala?”

Yaya, na yi ƙoƙarin gyarawa, na ƙara ɓatawa. Sai da ya tatse ni tas, har awa ɗaya da rabin. Ya ce ba zai jira ƙarshen wata ba, Asabar ashirin da ɗaya zai zo da mota. Na roƙe shi, ya ce in uwata ce ni zan jira?

Na ci amanarki, na kuma yanke miki kwana goma. Abu ɗaya nake roƙo: kada ki yi sauri saboda wautata. Gara ki rasa ɗakin da ki sake karya ƙugun. In kin ga dama kada ki ƙara yi mini magana, na cancanta.

Ƙaninki mai dogon baki.

An fara ta 3 ga Fabrairu, a matakala ta shida

Mai Kwalta,

Sallama daga bakin aiki. Ina lafiya, ina fatan kai ma haka. Takardar nan a aljihun rigata za ta zauna, duk inda na huta in ƙara mata layi, don haka ka yi haƙuri da rubutun.

Na samu turke. Mai ɗinki ta ba ni jan ƙyalle cikin ragowar yadinta. Kullum da safe, bayan na sha shayi, nake sauka in ɗaure shi a ƙarfen dafawa, in juyo. Dokata ɗaya ce: ba na sauka matakalar da ban tabbata zan iya hawowa ba. Mai gashin ƙashi ta koya mini, in za a sauka ƙafa mai ciwo ce gaba, in za a hau mai lafiya. Ta ce da na tambaye ta tun farko da ta faɗa mini. Na ce shugabar makaranta ba ta saba tambaya ba.

12 ga Fabrairu, ta goma sha biyu. Na kai filin farko! Mai gyaran wuta ya ajiye mini kujerar roba a nan. Na zauna kamar wadda aka naɗa wa sarauta.

21 ga Fabrairu. Yau na wuce ta goma sha tara. Na tsaya a kanta na ɗan buga ta da sanda, don ta san ban manta ba.

1 ga Maris. Ruwa da sanyi kwana huɗu, ƙugu ya yi tsami. Ina ta ashirin da shida, sai da na kwance ƙyallen na maido shi ta ashirin. Da a da ne da jan biro ya yi aiki. Yau kam na ce ranar sanyi mita tamanin, na hau na kwanta, ban ji kunyar kowa ba.

9 ga Maris, ta talatin da biyu. Mutanen ginin nan sun mai da ni wasan ƙwallo. Duk mai fita aiki sai ya duba inda ƙyallen yake. Matar hawa na biyu, wadda muka yi shekara shida ba ma ga-maciji saboda ruwan shanyata da ke ɗiga mata, yau ita ta fito da kujera da kofin ruwa. Ta ce, “Malama, jiya talatin da ɗaya ne, na ƙirga.”

15 ga Maris, ta talatin da takwas. Ɗanka ya zo yana huci. Wai Kawu ya faɗa masa komai. Kai, Mai Kwalta! Bakinka kamar bayan motar juye yashi, in ya buɗe sai ya zubar duka. Na ce ya zo ya ga ƙyallen, ya ce shi ba ƙyalle ya zo gani ba, Asabar zai zo da mota. Saura goma, kwana shida. Bayan ya tafi zuciyata ta ce gobe in yi biyar a tashi ɗaya. Na san muryar nan, ita ce ta zana jadawalin farko. Ban saurare ta ba.

20 ga Maris, ta arba'in da huɗu. Na sauka, na hau, ban zauna ba sai a filayen hutawa. Takardar ban haƙurinka ta iso yau. Na so in yi fushi da kai na mako guda, amma ba ni da lokaci. Daga nan ina hango hasken ƙofar waje, ina jin ƙarar motoci. Saura huɗu. Ƙafata ta ce za ta iya, na ce mata turken yau nan yake, gobe ma yi magana.

21 ga Maris, a ƙasa.

Ka karanta layin nan da kyau: a ƙasa.

Ɗanka ya zo da ƙarfe tara, da motar ɗaukar kaya da kwalaye a naɗe a hammata. Ya same ni na sa takalmi, na yafa mayafin da ban yafa ba tun bara. Na ce, “Ajiye kwalayen. Jiya arba'in da huɗu na yi. Yau zan gwada huɗun da suka rage. In na kasa, da bakina zan ce ka naɗe katifar.”

Ya ce, “Mama, don Allah.”

Na ce, “Ka wuce gaba ko ka bi baya, amma kada ka taɓa ni.”

Gaba ya wuce, yana sauka da baya da baya, hannuwa a buɗe kamar mai tarar jariri. Wallahi ya fi ni zufa. Ƙofofi suka yi ta buɗewa. A kowane fili na zauna na huta yadda na saba, ban rage ko minti ɗaya don ana kallo ba. Ya ga kujerun, ya ga yadda kowa ya san wace ƙafa zan fara sawa.

A ta arba'in da huɗu na kwance ƙyallen na riƙe. Huɗun nan ban san su ba. Mai ɗinki ta fara ƙirgawa da ƙarfi, sauran suka kama. Arba'in da biyar. Arba'in da shida, gwiwa ta yi rawa, na tsaya na ja numfashi har ta natsu. Arba'in da bakwai. Da ƙafata ta taka ƙasa matar hawa na biyu ta saki ihu, mai gyaran wuta yana ta buga ƙofarsa da tafin hannu kamar ganga. Ni kuwa dariya nake, hawaye na zuba. Rabona da farin ciki irin wannan tun ranar da aka haifi wannan mai zufar.

Ɗanka ya fita, na hango shi ta ƙofa yana magana da mai motar kaya, motar ta tashi ta tafi ba komai a cikinta. Da ya dawo idonsa ya yi ja. Na ce, “Ka yi saurin sallamarsa, ai saura hawa, magana magana ce.” Ya ce, “Mama, na ga kujerun. Ki hau a hankali, ni zan ɗora ruwan shayi.”

Yanzu ina zaune a bakin ƙofa, rana tana dukan ƙafafuna, takardar tana kan cinyata. Zan huta minti ashirin in hau. Kasuwa kuwa sai a hankali. Turken wata mai zuwa kantin kwanar titi ne, shi ma rabin hanya tukuna. Na yafe maka, amma ka sani duk ranar da ka zo, a ƙasa zan tare ka, kuma kunnenka zai gaya maka.

Akwatin yana nan taku biyar daga inda nake. Ɗanka ya miƙo hannu wai in kawo ya jefa mini, ramin ya yi mini tsawo. Na ce ya matsa.

Yayarka.